Forest Home: Tsaunin da Billy Graham Ya Hau, da Malamar da Ta Kafa Shi

Tambaya: Malam, ni ne shugaban matasa a ikilisiyarmu. Na ji wani fasto yana wa'azi cewa Billy Graham ya kusa barin aikin bishara, sai da ya hau wani dutse a Amurka ya yi addu'a kafin hanya ta buɗe masa. Wane wuri ne wannan, wa ya kafa shi, kuma da wace manufa? Irin dutsen addu'a ne da mutanenmu ke hawa? Ina tambaya ne don mu ma muna shirin fitar da matasanmu bayan gari a hutun nan.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗana, Ubangiji ya ƙara maka ƙarfin wannan hidima. Wurin da faston naku yake nufi sunansa Forest Home, wato gida a cikin kurmi. Yana jihar Kalifoniya, a cikin tsaunukan San Bernardino, gefen wani ƙaramin gari mai suna Forest Falls. Labarin da ka ji yana da tushe, amma an taƙaita shi har ya canja kama, don haka zan ɗan ja ka da nisa. Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, wurin ba dutsen addu'a ba ne irin wanda ka sani. Ba wani annabi ne ya ga wahayi a can ya ce Allah ya tsarkake wurin ba. Wata malamar makarantar Lahadi ce ta nemi inda za ta riƙa kai ɗalibanta na mako guda, ta sami wani wurin shaƙatawa da kasuwarsa ta mutu, aka yi ciniki aka saya.

Daga birnin Los Angeles zuwa can tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota in hanya ba cunkoso. Ana bi ta garin Redlands, sannan hanya ta fara hawa tana murɗewa a cikin wani kwazazzabo da rafin Mill Creek ke gangarowa ta cikinsa. Tsayin wurin daga saman teku ya kai mita 1,500 da ɗoriya, ka ga ya ɗara Jos da take wajen mita 1,200. A bayansa akwai tsaunin San Gorgonio, wanda ya fi kowane tsayi a kudancin Kalifoniya, mita 3,500 da 'yan kai. Da rani, lokacin da biranen ƙasa ke fama da zafi da hayaƙin motoci, can sama iska ce mai sanyi a ƙarƙashin dogayen itatuwa. Da hunturu kuwa dusar ƙanƙara ke rufe ko'ina. Asalin ƙasar ta mutanen Serrano ce, 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa. Shi kansa sunan rafin, wato rafin inji, ya samo asali ne daga injinan yanka katako da aka kafa a bakinsa, domin a shekarun 1850 'yan ɗariƙar Mormon da suka zauna a San Bernardino sun riƙa yanka katako a wannan yanki.

Malamar da nake faɗa maka ita ce Henrietta Mears. An haife ta a 1890 a garin Fargo, ta girma a Minneapolis, a ikilisiyar Baptis ta wani shahararren fasto, William Bell Riley. Riƙe sunan nan, zai sake fitowa. Tun tana yarinya idonta ba shi da ƙarfi, har likitoci suka gargaɗe ta cewa yawan karatu zai iya makantar da ita. Ba ta fasa ba, ta gama jami'ar Minnesota, ta zama malamar kimiyyar haɗa sinadarai a makarantar sakandare. Ba ta taɓa aure ba. Ba fasto ba ce, ba a kuma taɓa naɗa ta ba. Ɗalibanta ba sa kiranta da komai sai Malama, kuma an san ta da manyan huluna masu ado da take sawa. A 1928 babbar majami'ar Presbiteriyan ta Hollywood ta ɗauke ta ta shugabanci sashen koyarwa. Ta tarar da makarantar Lahadi mai mutum wajen 450, cikin ƙasa da shekara uku suka haura 4,000.

Yadda ta yi hakan shi ne mabuɗin fahimtar sansanin. Ta zo da idon malamar aji. Ta duba littattafan da ake koyar da yara da su ta ga shirme ne: darasi ɗaya ake dafa wa ɗan shekara shida da ɗan shekara goma sha shida, kuma labarai ne tsinke-tsinke, yau Dauda gobe Bulus, ba kai ba gindi. Sai ta zauna ta rubuta nata, aji-aji bisa shekaru, yadda yaro zai bi Littafi Mai Tsarki daki-daki har ya girma. Da wasu majami'u suka fara roƙon a ba su, sai a 1933 ita da abokan aikinta suka kafa kamfanin ɗab'i mai suna Gospel Light. Duk da haka abu ɗaya ya ci gaba da damunta. Awa ɗaya ce tak take samun yaro a mako, sauran kwana shida kuma yana hannun gari, garin ma Hollywood. Ta lura cewa in ta fita da matasa bayan gari na 'yan kwanaki, abin da ta shekara tana shukawa a aji a nan yake tsirowa. Shekaru da dama ta yi tana hayar sansanonin wasu, yau nan gobe can, har ta ga dole a sami nasu na kansu.

Ba ita ta ƙirƙiro al'adar ba. Tun 1801 aka yi babban taron farkawa a Cane Ridge ta jihar Kentucky, inda dubban manoma suka zo da kekunan doki suka yi zango na kwanaki a daji suna jin wa'azi, domin a lokacin ƙauyukan bakin iyaka ba su da majami'u ko fastoci isassu. A 1874 aka fara taron Chautauqua a bakin wani tafki a jihar New York don horar da malaman makarantar Lahadi. A 1875 taron Keswick ya fara a yankin tafkuna na Ingila. Mai bishara D. L. Moody ya fara nasa a Northfield a 1880, kuma a 1886 ya tara ɗalibai 251 a Mount Hermon ta jihar Massachusetts, 100 daga cikinsu suka yi alkawarin tafiya aikin mishan. Daga nan abin ya hau tsaunuka: Montreat a 1897 da Ridgecrest a 1907, dukansu a jihar North Carolina, sai wani Mount Hermon ɗin na Kalifoniya a 1906. Dalilin hawan ba na ruhaniya ba ne zalla. A zamanin da babu na'urar sanyaya ɗaki, in kana so mutane su zauna su saurari koyarwa a watan Yuli, sai ka kai su inda ba za su narke ba. Ƙasar tsauni kuma ta fi araha.

Forest Home dama wurin hutu ne na masu kuɗi, da ɗakunan kwana na katako da na dutse, da ɗakin cin abinci, da wurin kamun kifi. Da Malama Mears ta fara ganinsa ta san ya fi ƙarfin aljihunta. Amma shekarun 1930 shekarun karayar tattalin arziki ne a Amurka, masu zuwa hutu sun ragu, mai wurin yana neman ya rabu da shi. A farkon 1938 kuma aka yi wata mummunar ambaliya a kudancin Kalifoniya wadda ta kashe mutum sama da 100, ta yi ɓarna a kwazazzaban tsaunukan nan. Masu ba da tarihin sansanin suna cewa bayan ɓarnar ruwa ne farashin ya faɗi warwas, aka sallama a kan dala 30,000. A shekarar 1938 ɗin aka fara aiki.

Akwai wata shawara da aka yanke a lokacin wadda a ganina ita ta raya wurin har yau. Ba a rubuta shi da sunan Malama Mears ba, ba a kuma sa shi a ƙarƙashin majami'arta ko ɗariƙarta ba. An kafa masa hukumar amintattu mai zaman kanta, ba ta neman riba, ƙofa a buɗe ga kowace ikilisiya. Ka san yadda abin yake a wurinmu: mai hidima ya gina wuri da gudummawar jama'a, takardu da sunansa, ranar da ya kwanta dama 'ya'ya da dattawan ikilisiya su kwashi juna zuwa kotu. Ita ta rasu a 1963, wurin bai girgiza ba.

To me ake yi a can? A ido, abin da za ka gani wasa ne da ci da waƙa. Yara na iyo a tafkin da aka sa wa sunanta, ana hawan dutse, ana ƙwallo, iyalai na zuwa mako guda tare da ƙananan yaransu, majami'u na kawo dattawansu ko ma'aurata na ƙarshen mako. Amma an tsara kwanakin ne da gangan. Da safe kowa ya ɗauki Littafinsa ya nemi gindin itace shi kaɗai. Sai koyarwa. Sai a kasa mutane ƙananan ƙungiyoyi, kowace da jagoranta wanda yake kwana ɗaki ɗaya da su, yana ci tare da su. Da rana a sake su su yi wasa har su gaji. Da dare a taru a yi wa'azi. Tunanin Malama Mears shi ne, in ka raba mutum da hayaniyar da ya saba, ka sa shi inda zai ji kusancin Allah, sannan ka fuskance shi da Maganar Allah ba kwana-kwana, to zai yanke shawara. Kalmar da ta fi nanatawa ke nan, yanke shawara: ko ta karɓar Almasihu, ko ta barin wani zunubi, ko ta ba da rai ga hidima. A daren ƙarshe akan taru a wani fili da suke kira da'irar nasara, a hura wuta, wanda ya ga dama ya tashi ya jefa ɗan itace a ciki ya faɗi abin da ya ƙudurta a gaban 'yan'uwansa. Akwai kuma littafin tunawa da masu alkawari ke sa hannu a ciki. Wasan da ka gani da rana ba ɓata lokaci ba ne. Yaron da ya yi dariya da jagoransa a filin ƙwallo shi ne zai iya buɗe masa cikinsa da dare.

Shekara biyu ne suka fitar da sunan wurin duniya, 1947 da 1949.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Malama Mears ta zaga Turai, ta ga kangayen birane da yunwa da matasan da suka rasa abin gaskatawa. Ta dawo da nauyi a zuciya. A watan Yunin 1947, a wani taron horar da malaman makarantar Lahadi a Forest Home, ta yi magana a kan sojojin da akan tura aikin da ba a sa ran za su dawo, ta ce Almasihu ma yana neman irinsu. A daren wasu samari suka bi ta ɗakinta suka duƙufa addu'a har dare ya raba. Cikinsu akwai Bill Bright, ɗan kasuwa mai sayar da kayan zaƙi wanda bai daɗe da tuba ba, da Louis Evans ƙarami, ɗan faston majami'arsu, da Richard Halverson, matashin fasto da gwiwarsa ta yi sanyi da aikin. Suka ɗaura alkawari a tsakaninsu, suka kira kansu zumuntar zuciya mai ƙuna. Daga nan aka fara taron ɗaliban jami'a na shekara-shekara, wanda suka ba shi suna irin na soja, wato zaman da ake yi wa mayaƙa bayanin aiki kafin a tura su fage. Sunan kaɗai ya isa ya nuna maka manufar: ana tara su ne don a aike su. Halverson daga baya ya zama limamin majalisar dattawan Amurka daga 1981 zuwa 1995. Bright kuwa a 1951 ya kafa ƙungiyar Campus Crusade for Christ a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, shi da matarsa Vonette suka zauna gida ɗaya da Malama Mears wajen shekara goma, falon gidan ya zama wurin taron ɗalibai.

Yanzu ga Billy Graham. A watan Agustan 1949 yana da shekara 30. Ba sananne ba ne sosai a lokacin. Mai bishara ne na ƙungiyar Youth for Christ, kuma shugaban wata makarantar Littafi Mai Tsarki a Minneapolis, wadda William Bell Riley, tsohon faston Malama Mears, ya kafa ya kuma damƙa masa kafin ya rasu. Ita ce ta gayyace shi ya yi magana a taron ɗaliban. Ya iso da damuwa biyu. Ta farko, taron da ya yi a garin Altoona 'yan watanni kafin nan bai yi armashi ba, ga shi kuma an shirya masa babban taro a Los Angeles nan da 'yan makonni. Ta biyu ita ce babba. Amininsa Charles Templeton, ɗan Kanada, wanda suka yi yawon bishara tare har Turai, wanda mutane da yawa ke ganin ya fi Graham baiwar magana, ya tafi makarantar tauhidi ta Princeton a 1948, kuma ya cika da tambayoyi. Yaya mai ilimi zai yarda da labarin halitta yadda aka rubuta shi? Yaya za a yi da wuraren da nassi yake kamar yana karo da juna? Templeton ma yana wurin taron. Ya faɗa wa Graham a fili cewa irin bangaskiyarsa ta tsufa, zamani ya wuce ta. Graham ba shi da amsa, kuma shi mutum ne da ba zai iya tsayawa gaban jama'a ya ce Littafi Mai Tsarki ya ce, alhali zuciyarsa na rawa ba.

Ka ga inda aka sa shi. A gefe guda amininsa, a ɗaya gefen Malama Mears da take zama da shi tana yi masa magana a kan amincin nassi, da J. Edwin Orr, masanin tarihin farkawa ɗan Ireland, wanda shi ma yana cikin masu koyarwa a makon. Wata rana da dare Graham ya fita shi kaɗai cikin itatuwa da farin wata, ya buɗe Littafinsa ya ɗora a kan wani kututture, ya durƙusa. Abin da ya faɗa wa Allah, kamar yadda shi da kansa ya sha bayarwa, shi ne akwai abubuwa da yawa a cikin littafin nan da bai gane ba, akwai tambayoyin da ba zai iya amsa wa Templeton ba, amma zai karɓe shi a matsayin Maganar Allah ta wurin bangaskiya. Ya tashi da hawaye, ya ce ya ji an sauke masa kaya. Yau akwai alamar tunawa a wurin.

Ranar 25 ga Satumba aka buɗe taron Los Angeles a cikin wani ƙaton tanti. An shirya mako uku, aka yi takwas. Mai jaridu William Randolph Hearst ya umarci editocinsa su kambama shi, mutum wajen 350,000 suka halarta, cikin waɗanda suka tuba har da mawaƙin rediyo Stuart Hamblen da ɗan tseren Olamfik Louis Zamperini wanda ya sha azaba a hannun Japanawa a lokacin yaƙi. Daga nan sunan Graham ya game duniya.

Ga inda nake so in gyara wa faston naku zance, cikin ladabi. In aka ce ya hau dutse ya yi addu'a hanya ta buɗe, mai sauraro zai ɗauka cewa ya je neman buɗi ne, dutsen kuma ya ba shi. Graham bai je roƙon nasara ba, bai ma je don addu'a ba, gayyatarsa aka yi ya yi wa ɗalibai magana. Abin da ya faru a kan kututturen nan ƙarshen wata kokawa ce ta watanni a kan tambaya guda, kuma tsakiyar mako ne na koyarwa da muhawara da mutanen da suka san nassi. Sannan kada ka manta Templeton ya taka ƙasar nan, ya shaƙi iskar nan, ya ji wa'azin nan. Shi ya sauka da shakkarsa, zuwa 1957 ya bar hidima ya bayyana cewa ba shi da tabbacin akwai Allah, ya koma aikin jarida da talabijin a Kanada, ya rasu a 2001. Da albarkar a jikin dutsen take, da ta kama su duka biyu. Ni kaina, a matsayina na mai koyar da tarihin ikilisiya, ba na ɗaukar tambayoyin Templeton a matsayin na banza. Tambayoyi ne da suka cancanci amsa, kuma masana masu bi sun yi ta aiki a kansu. Graham dai ya gane cewa shi ba wannan ne kiransa ba, ya zaɓi inda zai tsaya.

Ba ina rena masu hawan dutse su yi addu'a ba ne. Al'ada ce mai tarihi a ƙasar nan, musamman a wurin 'yan'uwanmu Yarabawa na majami'un Aladura tun farkawar 1930 ta zamanin Joseph Ayo Babalola, kuma na san mutanen kirki da suke samun natsuwa a can. Nassi ma cike yake da tsaunuka: Musa a Sina'i, Iliya a Horeb, Yesu da yake hawa shi kaɗai ya kwana yana addu'a. Amma ka karanta Yohanna sura 4, inda Yesu ya gaya wa matar Samariya cewa lokaci na zuwa da sujada ba za ta rataya ga wannan dutse ko Urushalima ba. Ka kuma karanta Markus sura 9. Da Bitrus ya ga ɗaukakar Ubangiji a kan dutse sai ya ce a kafa bukkoki uku a zauna. Ba a kafa ba. Suka sauko, a gindin dutsen suka tarar da uba da yaronsa mai farfaɗiya da almajiran da suka kasa. Masu wuraren irin Forest Home sun fi jingina da Markus 6:31, inda Yesu ya ce wa almajiransa su zo waje ɗaya inda ba kowa su ɗan huta, domin masu kai da kawowa sun yi yawa har ba su da sukunin cin abinci.

Wataƙila ka ce wannan duk labarin Amurka ne. Reshensa ya iso mu. Graham ya zo Najeriya a farkon 1960, ya yi wa'azi har a Kaduna da Jos. Ƙungiyar Bill Bright tana aiki a nan da sunan Great Commission Movement, cibiyarta a Jos, kuma su ne suka yaɗa fim ɗin rayuwar Yesu na 1979 da aka juya zuwa Hausa, wanda na tabbata ka taɓa gani ana haskawa a filin makaranta ko ƙofar majami'a. In kuma kana neman abin da ya fi kama da shi a wurinmu, Miango ce, a ƙasar Irigwe kusa da Jos, inda mishan ɗin SIM, wato Sudan Interior Mission, ya gina gidan hutu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Sai dai asalinsu ya bambanta. Miango an gina ta ne don Turawan mishan da zazzaɓi da zafi suka galabaitar su hau tudu su murmure, daga baya ta zama wurin tarurrukan ikilisiyoyi. Forest Home kuwa tun ranar da ya zama sansani don matasa aka buɗe shi. Rowland Bingham, wanda ya kafa SIM, shi ma ya san amfanin irin wannan wuri, don a 1924 ya buɗe wurin taron Keswick na Kanada.

Tunda kai ma fita za ku yi, bari in faɗa maka aibin abin, don masu tallarsa ba sa faɗa. Na shekara da shekaru ina raka matasa irin wannan fita, kuma na ga wutar kara da idona. Ka tara yara kwana biyar, barci kaɗan, waƙa mai taɓa zuciya, wuta na ci da dare, abokai na tashi ɗaya bayan ɗaya suna kuka. Wane yaro ne zai zauna? Wani ya tashi ne don Ruhu ya taɓa shi, wani don kunya, wani don yarinyar da yake so ta tashi. Bayan mako uku ka neme su a majami'a ka ga rabi. Su kansu Amurkawa sun san wannan ciwo, suna da sunan da suke kiran zumuɗin da ke bajewa da an sauko. Abin da ya sa na Malama Mears ya yi ƙarko, har ake lissafa sama da mutum 400 daga ajinta da suka shiga hidima ta cikakken lokaci, shi ne waɗanda ta kai tsauni su ne waɗanda take koyarwa kowace Lahadi kafin a je, kuma su ne za ta ci gaba da koyarwa bayan an dawo. Ta san sunayensu, ta san iyayensu, ta san wanda ya yi alkawari bara bai cika ba. Sansanin mako ɗaya ne a cikin hamsin da biyu. Wanda ya kwaikwayi makon ya bar sauran hamsin da ɗayan, ya ɗauki rufin ɗaki ne ya bar ginin.

Aibi na biyu kuɗi ne. Wuri irin wannan yana cin kuɗi, ga ma'aikata, ga abinci, ga gyara, don haka zuwa can ba arha ba ne, kuma in ba a yi hattara ba sai ya zama na 'ya'yan masu hali. Suna da asusun tallafa wa marasa ƙarfi, amma matsalar ba ta ƙarewa. Kai ma za ka gamu da ita a ƙaramin mataki: yaron da ya fi bukatar fitar nan sau da yawa shi ne wanda uwarsa ba za ta iya biyan kuɗin mota ba. Ka fara da lissafinsa kafin ka yanka kuɗin kowa.

Shi tsaunin ma ba ya ragawa kowa. Kwazazzabon da ambaliya ta karya wa farashi a 1938 bai canja hali ba. A Satumban 2020 wata gobarar daji da aka sa wa suna El Dorado, wadda ta tashi daga wasan wuta a wani bikin bayyana jinsin jaririn da ke ciki, ta sa aka kwashe mutanen Forest Falls gaba ɗaya, ma'aikacin kashe gobara ɗaya ya rasa ransa. Bayan shekara biyu, a Satumban 2022, ruwan sama ya sauka a kan gangaren da wutar ta ƙone, laka da duwatsu suka gangaro cikin garin suka binne gidaje da motoci.

Don haka ga abin da zan ce maka game da fitarku. Ba sai kun nemi dutse ba. Makarantar kwana da ɗalibanta suka tafi hutu ta isa, muddin akwai ruwa da makewayi da katanga, kuma a halin tsaron da muke ciki ka sanar da hukuma da iyaye inda kuke, kada ku yi tafiyar dare. Jagora ɗaya ga yara takwas zuwa goma, mata da nasu, maza da nasu, kuma jagororin su zama mutanen da yaran za su ci gaba da gani kowace Lahadi. Gara malami ɗaya da zai bi littafi ɗaya, ko da wasiƙar Filibiyawa ce, daga farko zuwa ƙarshe, da baƙin masu wa'azi biyar da kowa zai zo da tasa. Ku karɓi wayoyin a ajiye, a ba su awa ɗaya da yamma su kira gida. Ku bar su su yi barci. In akwai mai tambaya irin ta Templeton a cikinsu, kuma akwai, kada a tsawata masa a gaban jama'a, a ba shi wanda zai zauna da shi. A daren ƙarshe kada ka ƙirga waɗanda suka tashi. Ka rubuta sunan kowane da abin da ya faɗa, ka raba sunayen ga jagorori, ka sa ranar da za ku zauna ku duba su bayan wata ɗaya, kuma ka sa ranar tun kafin ku hau mota.